Ku Tambaya Mu Amsa: Mahaukaciyar Guguwa da Kwanakin da ke Biyo Bayanta

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato mahaukaciyar guguwar da ke tasowa daga teku tana afka wa garuruwan gaɓa, irin wadda aka saba gani a Amurka da tsibiran Karebiyan da kudancin Asiya da gabashin Afirka. Wasu daga cikin masu rubutun suna zaman jiran zuwanta ne cikin fargaba, wasu kuwa ta riga ta ratsa ta kansu, suna neman yadda za su tattara abin da ya saura. Mun zaɓi biyar mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum. Aiki ne ya kai ni wani gari na bakin teku tare da iyalina, kuma bana ne karon farko da lokacin guguwa zai same mu a can. Maƙwabta sun ce idan hukuma ta ba da umarnin ficewa kowa kwashewa yake yi ya bar gari. Ni kuwa gidan da muke ciki ginin siminti ne mai ƙwari. Na ji an ce guguwar matakai biyar ce. Idan ta mataki na 1 ko na 2 ce ta zo, akwai dalilin da zai sa in wahalar da yara a hanya, in kuma bar wa ɓarayi gida?

Daga wani magidanci

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan aka ba da umarnin ficewa ga unguwarku, ka fice da iyalinka, komai ƙwarin ginin kuma ko wane mataki aka ce guguwar ta kai. Dalilin yana buƙatar bayani, domin lissafin nan naka ya ci rayukan mutane masu hankali da yawa.

Ma'aunin nan mai matakai biyar, wanda ake kira Saffir-Simpson, gudun iska kaɗai yake aunawa. Mataki na 1 yana farawa daga kilomita 119 a sa'a, na 3 daga 178, inda ake fara kiranta babbar guguwa, na 5 kuma daga 252 zuwa sama. Ba ya faɗin komai game da ruwan da za ta turo daga teku ko wanda za ta zubo daga sama, alhali ruwa ne babban makashinta. Wani nazari da aka yi a cibiyar lura da guguwa ta Amurka kan mace-macen da suka auku tsakanin 1963 da 2012 ya nuna cewa kusan mutum 9 cikin kowane 10 da guguwa ta kashe kai tsaye a ƙasar, ruwa ne ya ci su, kuma kusan rabin jimillar tumbatsar teku ce ta yi ajalinsu.

Yadda tumbatsar take aukuwa shi ne iska tana ɗaukar sa'o'i tana hura saman teku, tana tara ruwa a gabanta, har ta tunkuɗo shi kan tudu. Inda gaɓar ba ta da zurfi, ko inda teku ya kutsa cikin ƙasa ya tsuke, ruwan ya fi yin tsawo, idan kuma aka yi rashin sa'a ya dace da lokacin cikar teku, abin ya ƙara muni. Guguwar Ike da ta sauka jihar Texas ta Amurka a 2008 ta mataki na 2 ce, amma ta turo ruwa mai tsawon fiye da mita 4, ta share gidaje birjik a gaɓar. Guguwar Katrina ta sauka a kudancin Amurka a ranar 29 ga Agustan 2005 tana mataki na 3, sai dai ruwan da ta hau da shi gaɓar Mississippi ya haura mita 8, shingayen da ke tare ruwa a New Orleans suka karye, kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Bangon siminti yana iya tsayawa daram, amma ba ya hana ruwa shigowa ta ƙofa da taga har ya kai silin, kuma a New Orleans an tarar da gawarwakin mutanen da suka hau tsakanin silin da rufi don tsira, ruwa ya biyo su can ba su da mafita.

Nisa da teku ma ba tabbacin tsira ba ne. Guguwar Harvey ta tsaya cik a kan Texas a 2017 ta zubar da ruwan sama fiye da milimita 1,500 a wasu wurare cikin 'yan kwanaki. Helene ta yi mummunar ɓarna a 2024 a duwatsun yammacin jihar North Carolina, ɗaruruwan kilomita daga inda ta sauka, kamar yadda Freddy ta haddasa zaftarewar ƙasa a kudancin Malawi a 2023, ƙasar da ba ta da gaɓar teku ko kaɗan.

Babbar shaidar amfanin ficewa tana Bangaladesh. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin, ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Ƙasar ta duƙufa wajen gina mafaka masu hawa a kan ginshiƙai, ta horar da dubban 'yan sa kai da ke bin ƙauyuka da lasifika suna shelar a tashi. Da Sidr ta zo a 2007 da ƙarfin gaske, waɗanda suka rasu sun ɗara 3,000. Rai guda ma asara ce, amma tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma mutane ne da suka bar gidajensu kafin ruwa ya iso.

Sai dai ficewa tana da ƙa'ida. Ana yin ta da wuri, kuma wanda aka umarta shi ke yi. Wata guda bayan Katrina, tsoron guguwar Rita ya sa miliyoyin mutane suka fantsama kan titunan Texas lokaci guda, har da waɗanda ba sa cikin haɗarin tumbatsa, motoci suka cushe cikin tsananin zafi, mai ya ƙare, kimanin mutum 100 suka rasu a wannan gudun. Saboda haka ka nemi sanin shiyyar da gidanka ya faɗa a taswirar ficewa ta hukumar garin tun yanzu, ka tsayar da inda za ku, wanda sau da yawa tudu ne mai nisan kilomita kaɗan, ka riƙa barin mai a mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardun shaida da na gida ka sa su a leda mai hana ruwa, ka tanadi magungunan mako biyu da tsabar kuɗi a hannu, domin idan wuta ta ɗauke na'urorin cirar kuɗi ba sa aiki. Ka sani kuma da zarar iska ta yi ƙarfi, masu ceto da kansu suna dakatar da fita har ta lafa, wanda ya zauna ya zauna ne shi kaɗai da yaransa. Batun ɓarayi damuwa ce ta gaskiya, amma duk abin da ɓarawo zai iya ɗauka ana iya sake nemansa.

Tambaya ta biyu

Ni ɗaliba ce, kuma ɗakinmu ba ya cikin shiyyar da ake kwashewa. An ce mu manna salatif a gilashin taga, wasu kuma sun ce a bar taga guda a buɗe don kada iska ta fasa gidan. Wanne ne daidai, kuma ina ya fi dacewa mu zauna?

Daga wata ɗaliba

Amsa

'Yar'uwa, duka biyun ba su da amfani, na biyun ma haɗari ne. Salatif ba ya hana gilashi fashewa, iyakarsa ya sa ya tarwatse da manyan ɓaraguzai masu kaifi. Abin da ke kāre taga shi ne murfin ƙarfe da aka yi domin haka, ko katako mai kauri da aka ɗaure da kusoshi daga waje. Taga a buɗe kuwa ƙofa ce ga iska, idan ta shiga sai ta riƙa tura rufi daga ciki yayin da ta waje take fizgarsa, abin da ke yaye rufin gida ke nan. Ku shigo da duk abin da ke waje wanda iska za ta iya ɗauka, ku zauna a ɗakin da ke tsakiyar gini marar taga, a hawa mafi ƙasa da ruwa ba zai kai ba, da katifa a kusa don kāre kai. Ku yi amfani da tocila maimakon kyandir, ku ajiye ƙaramar rediyo mai batir.

Akwai abu guda da ba ki tambaya ba wanda ya fi waɗannan muhimmanci. Guguwar tana da ido a tsakiyarta, fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 60 a mafi yawan lokuta, inda iska take kwantawa, wani lokaci har rana ko taurari su bayyana. Idan idon ya bi ta kanku za ku ji tsit kamar an gama, tsawon mintuna ko sa'a guda. Iska mafi tsanani tana kewaye da idon ne, kuma za ta dawo farat ɗaya daga ɓangaren da ba ta fito ba da farko, ta tarar da abubuwan da ta riga ta sassauta. Kada kowa ya fita sai hukuma ta sanar cewa ta wuce.

Tambaya ta uku

Allah Ya kuɓutar da mu, guguwa ta wuce ba mu rasa kowa ba. Amma yau kwanaki ke nan babu wuta, ruwan famfo yana zuwa da launi, zafi kuma ya yi yawa. Mahaifiyata tsohuwa ce mai ciwon sukari da hawan jini, tana allurar insulin. Mun samu aron janareta, maigidana yana so ya ajiye shi a garejin mota don kada a sace. Kowa yana cewa mu gode wa Allah an gama, amma ni hankalina bai kwanta ba.

Daga wata uwa mai jinyar mahaifiyarta

Amsa

Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. Rashin kwanciyar hankalinki yana da tushe, domin kwanakin da kuke ciki yanzu su ne suka fi cin irin su Mama. Lokacin da guguwar Maria ta ratsa tsibirin Puerto Rico a ranar 20 ga Satumban 2017, adadin da hukuma ta daɗe tana bayarwa mutum 64 ne. Daga baya masu bincike na Jami'ar George Washington suka kwatanta yawan mace-macen watanni shida da suka biyo baya da abin da aka saba gani, suka ƙiyasta ƙarin mutum 2,975, gwamnatin tsibirin kuma ta karɓi wannan adadi. Akasarinsu ba rufi ne ya faɗo musu ba. Tsofaffi ne da marasa lafiya da maganinsu ya ƙare, da masu wankin ƙoda da suka rasa hanyar asibiti, da masu dogaro da na'urar numfashi a tsibirin da sai bayan kusan wata 11 aka gama mayar da wuta ga kowa.

Mu fara da janareta, domin shi ne ke iya kashe ku a daren yau. Ki roƙi maigida da girman Allah kada ya kunna shi a gareji, ko da an bar ƙofar a buɗe, haka nan kada ya sa shi a baranda ko ƙarƙashin taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda mutum zai ɗauka gajiya ce ya kwanta, mai barci kuwa ba ya farkawa. Bayan guguwar Laura a jihar Louisiana a 2020, wannan hayaƙi ya kashe mutanen da suka tsira daga iskar lafiya lau, har da 'yan gida guda. Ƙa'idar ita ce a ajiye shi a sarari, aƙalla mita 6 daga gida, bututun hayaƙin yana kallon nesa da ƙofofi, a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo idan ana tsoron ɓarawo. A kashe shi ya huce kafin a zuba mai, kada kuma a jona shi da wayoyin gida kai tsaye, domin wutar tana iya komawa kan layi ta kashe ma'aikacin da ke gyara. Wannan hukunci ya shafi murhun gawayi ma, ba a kunna shi a cikin ɗaki. Idan mutum biyu a gida suka fara ciwon kai lokaci guda, kowa ya fita waje nan take a nemi asibiti.

Ruwan famfon kuwa ku ɗauke shi a matsayin gurɓatacce har sai hukuma ta ce ya gyaru, domin ambaliya tana haɗa ruwan sha da na masai. Bayan guguwar Idai ta ragargaza birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019, kwalara ta ɓarke cikin makonni biyu, dubbai suka kamu, sai da aka yi wa mutum fiye da 800,000 rigakafi cikin gaggawa. A tace ruwan da ƙyalle mai tsabta idan ya yi duhu, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. In babu abin dafawa, a ɗiga digo 2 na bilic (ruwan wanki mai sinadarin kulorin) marar turare a kowace lita, a ninka idan ruwan bai yi garau ba, a jira minti 30. Da wannan ruwan za a sha, a wanke baki, a wanke kwanuka. Kowane mutum yana buƙatar kimanin lita 4 a rana. Idan kuma akwai zargin mai ko wani sinadari ya shiga ruwan, tafasawa ba ta gyara shi. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ya riƙa kurɓa, a kai shi asibiti idan ta yi yawa.

Firijin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kimanin sa'a 4, firiza cikakkiya kwana biyu. Tunda kun wuce haka, nama da kifi da madara da dafaffen abinci da ke ciki a zubar, ko da ba su yi wari ba, tare da duk abincin da ruwan ambaliya ya taɓa.

Game da Mama, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce insulin da ke cikin kwalbarsa ta asali yana iya kai kwana 28 ba tare da firiji ba, muddin zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. A nisanta shi da rana da cikin mota, kada kuma a ɗora shi kan ƙanƙara ya daskare. Ki ƙirga abin da ya rage na kowane magani yau, ki fara neman ƙari tun da sauran na mako guda, ki rubuta sunayensu da adadin da take sha a takarda ki sa a jakarta. Zafi ma abokin gaba ne: bayan guguwar Irma a 2017, aƙalla mutum 12 sun rasu a wani gidan kula da tsofaffi a Florida saboda na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an riƙa miƙa masa ruwa, ana goge masa jiki da jiƙaƙƙen tawul. Idan ta fara ruɗewa ko yawan barci, kada a jira gari ya waye. Ra'ayinmu shi ne, idan akwai ɗan'uwa a garin da ke da wuta kuma hanya ta buɗe, a kai ta can har abubuwa su daidaita, ko da za ta ƙi.

Tambaya ta huɗu

Ruwa ya shiga gidana har ƙugu, yanzu ya janye ya bar taɓo da wari, wani sashe na rufin kuma ya yaye. Mutane suna ta ƙwanƙwasa ƙofa suna cewa za su gyara idan na ba da kuɗi tun yanzu. Ta ina zan fara?

Daga wani dattijo

Amsa

Baba, Allah Ya mayar da alheri. Kafin ka taka cikin gidan, a duba shi daga waje da rana: idan bango ya tsage ko ya karkata, ko silin ya yi ciki, kada a shiga sai masani ya gani. Idan an ji warin gas, a fita ba tare da kunna ashana ko taɓa makunni ba. Duk wayar lantarki da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta, kuma ba a taɓa babban makunnin gida ana tsaye cikin ruwa ko kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Abu na gaba hoto ne. Kafin a ɗaga ko da kujera, a ɗauki hoton kowane ɗaki, da alamar inda ruwa ya tsaya a bango, da kowane kaya da ya lalace, a ajiye rasidin duk abin da aka kashe, domin da su kamfanin inshora da hukumar agaji suke aiki. A karanta takardar inshorar da kyau, saboda a wurare da dama, ciki har da Amurka, inshorar gida ta yau da kullum tana biyan ɓarnar iska amma ba ta biyan ta ambaliya sai an sayi tata daban.

Sannan a yi tsere da fumfuna, wadda ke fara tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a duk abin da ya jiƙe, tana kuma tayar da asma da tari. A buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da katifu da kafet da kujerun soso, waɗanda suka sha ruwan ambaliya ba sa wankuwa sai zubarwa. Abin da ke da tauri a wanke shi da sabulu, a bi da ruwan bilic, amma kada a taɓa haɗa bilic da wani sinadarin wanki, musamman mai amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Mai aikin ya sa safar hannu da dogayen takalman roba da takunkumi, ya lura da macizai da ke fakewa cikin tarkace. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanas, wanda kuma zazzaɓi ya kama bayan ya shiga ruwan ambaliya ya faɗa wa likita cewa ya shiga, domin akwai cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa ta wannan hanya. Muna roƙonka, Baba, kada ka hau rufi da kanka don shimfiɗa tamfol. Faɗowa daga tsani, da raunin zarton inji, da bugun zuciya saboda aikin ƙarfi cikin zafi suna cikin abubuwan da ke kashe mutane a makonnin gyara.

Masu ƙwanƙwasa ƙofa kuwa, akwai na kirki a cikinsu, amma bala'i yana jawo 'yan damfara daga nesa. Kada ka biya kuɗin aiki gaba ɗaya kafin a fara, ka nemi shaidar rajista da adireshin da za a iya samunsu, ka kwatanta farashin mutum biyu ko uku, a rubuta yarjejeniya, kuma kada ka sa hannu a takardar da ke miƙa wa wani haƙƙinka na inshora ba tare da wani amintacce ya karanta maka ba. Wanda ya matsa maka cewa sai yau ko a fasa, ka bar shi ya tafi.

Tambaya ta biyar

Wata biyu ke nan da guguwa ta rushe gidanmu da shagon mijina. Ɗana mai shekara bakwai ya koma fitsarin kwance, kuma da ya ji iska ko hadari sai ya ƙanƙame ni yana kuka. Mijina ya daina magana, ba ya barci, abu kaɗan sai faɗa. Maƙwabciyarmu ta rasu a ruwan, kullum ina ganin da na ƙwanƙwasa mata ƙofa da ta tsira. Ina jin kunyar yin ƙorafi tunda mu muna raye.

Daga wata baiwar Allah

Amsa

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan maƙwabciyarki, Ya sanyaya zukatanku. Babu abin kunya a wasiƙarki, kuma godiya ga Allah da jin raɗaɗi suna zama a zuciya guda ba tare da ɗaya ya kore ɗaya ba. Kun rasa gida da sana'a da maƙwabciya a dare guda, kun kuma ga mutuwa da idanunku. Wata biyu ba lokaci ne mai tsawo ba ga irin wannan, ko da yake a daidai wannan lokacin ne masu agaji suke naɗe kayansu, 'yan jarida su koma wani labari, mutum ya ga an bar shi da takardu da bashi da jira.

Abin da yaron yake yi sananne ne ga yaran da suka ga bala'i: suna komawa ɗabi'un da suka riga suka bari, suna mafarkai, suna tsoron rabuwa da uwa. Kada a yi masa faɗa ko gori kan fitsarin, a canja shimfiɗa kawai ba tare da surutu ba. Abin da ya fi warkar da yaro shi ne ya ga rana tana tafiya bisa tsari, lokacin ci da na barci da na makaranta ba sa canjawa, ko da a matsugunin wucin gadi kuke. Idan ya tambaya ko guguwa za ta dawo, kada ki ce masa ba za ta taɓa dawowa ba, domin ranar da aka sake shelar wata zai daina yarda da maganarki. Ki gaya masa cewa masana suna hango ta kwanaki kafin ta iso, kuma kun san inda za ku je, sannan ki nuna masa bambancin hadarin yau da kullum da irin waccan. A rage masa kallon hotunan ɓarnar a waya da talabijin, saboda ƙaramin yaro yana ɗauka abin yana sake faruwa ne. Idan ya zana guguwar ko ya kwaikwaye ta a wasa, a ƙyale shi, hanyarsa ce ta faɗin abin da bakinsa ya kasa.

Maigida kuma yana ɗauke da nauyin mutumin da ya saba ciyar da gidansa ya wayi gari ba shi da abin yi. Kada ki tilasta masa ba da labarin daren, amma ki nemi wani da yake girmamawa, yayansa ko amininsa ko malaminsa, ya riƙa zama da shi, ya ja shi cikin aikin gyaran unguwa tare da sauran maza, domin kaɗaici yana ƙara wa irin wannan ciwo ƙarfi. Tunda rashin barcin da fushin sun haura wata guda, lokaci ya yi da zai ga likita. Ciwon firgici da ke biyo bayan bala'i da ciwon baƙin ciki mai tsanani cututtuka ne da aka sani, ana kuma maganinsu ta hanyar zama da ƙwararre, wani lokaci da ƙwayoyi, ba tare da an bar addu'a ba. Idan kika ga ya fara shan wani abu don ya samu barci, ko yana cewa gara ya mutu, ko fushin ya kai ga duka, wannan ba abin jira ba ne. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, ke kuma ki nemi wurin da ke da yaron za ku kasance cikin aminci.

Saura ke. Kina auna abin da kika yi a daren da sanin da kika samu bayan gari ya waye, alhali a lokacin kina cikin duhu da rugugin iska da yaro a hannu, ba ki san inda ruwa zai kai ba. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, da kin fita zuwa ƙofarta mai yiwuwa ne a rasa ku biyu. Ki ziyarci iyalanta, ki yi mata addu'a, ki faɗa wa wata aminiya abin da kika rubuto mana da bakinki. Ki sa ran cewa tsoron zai motsa idan lokacin guguwa ya zagayo ko ranar ta cika shekara, gare ki da yaron da mahaifinsa. Ranar da za ki raka maigida wurin likita, ki nemi a duba ki ke ma, ki ambaci rashin barci ko yawan tunanin idan akwai, ki kuma tambaya ko suna da mai kula da yara da zai ga ɗanku idan fitsarin da firgitar ba su ragu ba nan da 'yan makonni.